Cikin Mutum Nawa? Yadda Ake Auna Cuta da Mutuwa a Cikin Al'umma

A shekarar 2021, hukumar yaƙi da cututtuka ta Najeriya, NCDC, ta ƙirga mutum 111,062 da ake kyautata zaton amai da gudawa ta kama, cutar da asibiti ke kira kwalara, kuma 3,604 daga cikinsu sun riga mu gidan gaskiya. Korona kuwa, wadda ta sa aka rufe masallatai da kasuwanni da makarantu, mamatan da aka rubuta da sunanta a ƙasar tun daga Fabrairun 2020 har ta lafa 3,155 ne. Ebola da ta shigo Legas a Yulin 2014, har tsoronta ya tayar da mutane cikin dare suna wanka da ruwan gishiri, mutum 20 ta kama, takwas suka rasu. To a cikin ukun nan wacce ta fi haɗari?

Amsar tana sauyawa gwargwadon abin da mai tambaya yake nufi. In yawan gawa ake magana, kwalara ce. In ana maganar wadda mutum ya fi wuyar tashi idan ta kwantar da shi, Ebola ce, kuma da rata mai yawa. In kuwa ana son sanin wadda ta fi ratsa jama'a, to sai an fara tambayar wa aka gwada, wa ba a gwada ba. Masana yaɗuwar cututtuka suna da ma'auni dabam ga kowace tambaya, kuma yawancin ruɗanin da ake shiga idan an ji alƙaluma a rediyo daga cakuɗa ma'aunan nan yake tasowa. Lissafin kansa ba shi da wuya, rabawa ce irin ta 'yan aji huɗu. Wuyar tana wajen sanin me aka raba, kuma da me aka raba shi.

Mu tsaya a kan kwalarar 2021 tukuna. Jihohi huɗu ne suka ɗauki fiye da rabin masu cutar: Bauci sama da dubu 19, Jigawa wajen dubu 15, Kano wajen dubu 12, Zamfara ita ma dab da dubu 12. Wanda ya karanta haka zai ce Kano da Zamfara kunnen doki suka yi. Amma a ƙidayar 2006 Kano tana da mutum miliyan 9.4, Zamfara kuwa miliyan 3.3. Idan aka raba masu cutar da yawan jama'ar kowace jiha, sai a ga Kano ta tashi da mutum wajen 130 cikin kowane 100,000, Zamfara kuma wajen 360. Jama'a sun ƙaru a jihohin biyu tun daga lokacin ƙidayar, don haka ainihin alƙaluman za su ɗan yi ƙasa, amma tazarar tana nan: mutumin Zamfara ya kusa ninka Bakano sau uku wajen haɗarin kamuwa a wannan shekarar. Da za a raba magani da ma'aikata bisa yawan marasa lafiya kawai, da an ba su daidai wa daida, kuma a wajen jinya hakan daidai ne. Amma mai neman inda ruwan sha ya fi gurɓata, inda ya kamata a fara haƙa rijiyar burtsatse, lissafi na biyu ne zai nuna masa hanya.

Wannan dabara ta raba adadi da yawan mutanen da abin zai iya shafa ita ce ginshiƙin fannin gaba ɗaya, kuma kwalara tana cikin cututtukan da suka fito da amfaninta fili. A 1854 wani likita a Landan mai suna John Snow ya lura cewa kamfanoni biyu ne ke sayar da ruwan famfo a unguwannin kudancin birnin, bututunsu suna bin tituna ɗaya, wani gida na wannan, maƙwabcinsa na wancan. Kamfani na farko, mai suna Southwark da Vauxhall, yana ɗibar ruwa daga kogin Thames a cikin gari, inda ƙazantar birni ke kwarara. Kamfanin Lambeth kuwa ya riga ya matsar da wurin ɗibarsa can sama da gari. Snow ya bi gidajen da aka yi rasuwa yana tambayar ruwan wane kamfani suke sha. A makonni bakwai na farkon annobar ya samu mutuwa 315 cikin kowane gida 10,000 na kamfanin farko, da 37 cikin kowane gida 10,000 na Lambeth. A lokacin ba a amince cewa ƙwayar cuta ce ke haddasa kwalara ba, manyan likitoci gurɓatacciyar iska suke zargi. Ƙirga gidaje da gawarwaki ne ya nuna cewa ruwa ne.

Snow ya yi sa'a, domin kamfanonin sun san yawan gidajen da suke ba ruwa. Mu a nan ne gizo ke saƙar. Rabon Najeriya da ƙidaya tun 2006, wadda aka shirya yi a 2023 ma an ɗage ta. Duk wani "cikin mutum 100,000" da aka faɗa yau game da Gusau ko Azare, an gina shi ne a kan hasashe: a ɗauki adadin 2006 a riƙa ƙara masa kaso kaza kowace shekara. Hasashen bai san ƙauyukan da 'yan bindiga suka tasa ba, bai san yadda Maiduguri ta cika ta batse da 'yan gudun hijira ba. Ƙaramar hukumar da jama'arta suka ninku ba a sani ba za ta bayyana kamar cuta ta yi mata katutu, wadda mutanenta suka watse kuma ta bayyana kamar lafiya lau.

Bayan an san cikin mutum nawa, sai tambaya ta biyu: waɗanne marasa lafiya ake ƙirgawa? Akwai ma'aunin sababbin kamu, wato mutum nawa ne masu lafiya cutar ta kama a cikin wani ƙayyadadden lokaci, mako ko wata ko shekara. Akwai kuma ma'aunin masu ɗauke da cuta, wato idan aka shiga gari yau aka duba kowa, mutum nawa za a tarar da ita a jikinsu, ko jiya suka kamu ko shekara goma da ta wuce. Ɗauki makarantar firamare da ke ɗaukar yara 50 duk shekara, kowa yana yin shekara shida: kullum ka je za ka tarar da yara wajen 300. Wani kwas na wata ɗaya da ke ɗaukar mutum 50 duk wata, a shekara ya ɗauki 600, amma duk ranar da ka leƙa mutum 50 za ka gani. Haka cuta take. Yawan masu ɗauke da ita ya dogara da yawan masu shiga da kuma daɗewar da suke yi kafin su fita, ko ta hanyar warkewa ko ta hanyar mutuwa.

Kwalara kwanaki kaɗan take yi, mutum ya tashi ko ya tafi, shi ya sa ba wanda ke auna ta da masu ɗauke da ita. Sababbin kamu ake bi, kullum ko mako-mako. Sanƙarau ma haka. A ƙasashen da ke bakin Sahara, daga Senegal zuwa Habasha, inda cutar ke tashi da hunturu da bazara, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka a fili: idan gunduma ta samu sababbin masu cutar 3 cikin mutum 100,000 a mako guda, a shiga shiri, idan suka kai 10, annoba ta ɓarke, a fito da allurar rigakafi. Wanda ya ga 1996, shekarar da sanƙarau ya kama sama da mutum dubu 100 a Najeriya ya kashe sama da dubu 11, ya san darajar mako ɗaya a irin wannan hali. Ma'aikacin lafiyar da ke cike takardar rahoton mako a ƙaramin asibitin ƙauye, ko da babu ko mutum ɗaya ya rubuta sifili ya aika, shi ne idon wannan tsari.

Cututtukan da ke zama da mutum, irin su hawan jini da ciwon suga da sikila da ƙanjamau, su ne aka fi aunawa da masu ɗauke da su. A nan akwai wani tarko da ya kamata 'yan jarida musamman su kiyaye. Babban binciken ƙanjamau da aka yi gida-gida a Najeriya a 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 49 suna ɗauke da ƙwayar cutar, jimilla wajen mutum miliyan 1.9. Kafin nan ana cewa kashi 2.8 ne. Wasu suka ɗauka cutar ta ragu da rabi, alhali babban abin da ya sauya shi ne hanyar aunawa, domin alƙaluman baya sun fi dogara da gwajin mata masu zuwa awon ciki a zaɓaɓɓun asibitoci. Sannan kuma, inda ake raba maganin rage kaifin cutar yadda ya kamata, masu ita suna daɗewa a raye, don haka yawansu yana iya tsayawa cak ko ma ya hau, alhali sababbin kamu suna raguwa. Hauhawar adadin a irin wannan wuri albishir ne. Faɗuwarsa kuma tana iya nufin mutane suna mutuwa ne saboda magani ya yanke. Duk wanda zai yanke hukunci kan shirin yaƙi da ƙanjamau sai ya nemi adadin sababbin kamu da na mace-mace, ya jera su kusa da wancan.

Zazzaɓin cizon sauro yana tsakiya. Ana auna shi da gwajin jinin yara 'yan ƙasa da shekara biyar gida-gida, kuma binciken ƙasa ya nuna kashi 42 cikin 100 na yaran suna da ƙwayar cutar a 2010, kashi 27 a 2015, kashi 22 a 2021. Ci gaba ne na gaske. Sai dai a 2021 ɗin Kebbi tana da kashi 49, Legas ba ta kai kashi 5 ba. Adadin ƙasa baki ɗaya bai bayyana halin ko ɗaya daga cikinsu ba.

Yanzu ga ma'aunin da ya fi kowane tayar da hankali, wato cikin waɗanda cuta ta kama, kashi nawa ta kashe. Ebola a Najeriya takwas cikin 20, kashi 40 cikin 100 ke nan. Kwalarar 2021 kuwa 3,604 cikin 111,062, wato kashi 3.2. Kusa da na Ebola sai ya zama kamar ba komai. Amma ni a ganina wannan 3.2 ya fi kowane adadi a rahoton zama abin kunya gare mu. Kwalara ruwan jiki take ƙarar wa mutum, in aka mayar masa da ruwan a kan lokaci, ko da na gishiri da sukari ne a kofi, ko ƙarin ruwa ta jijiya ga wanda ya galabaita, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mace-mace ba za su kai kashi 1 cikin 100 ba. Ma'ana, fiye da kashi biyu cikin uku na mutanen nan, sama da rai dubu biyu, da an isa gare su da wuri da sun tashi. Wannan ma'auni a kwalara yana auna nisan ƙauye da asibiti, da gadar da ruwa ya cinye a watan Agusta, da kuɗin mashin da babu, da daren da aka kwana ana jiran gari ya waye. Ƙarfin ƙwayar cutar ɗaya ne a ko'ina.

Sai dai ma'aunin yana da saurin yaudara, domin abin da ake rabawa da shi masu cutar da aka gano ne, kuma waɗanda aka gano galibi su ne masu jin jiki. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969, misali ne mai kyau. Wajen mutum huɗu cikin biyar da ƙwayar ta shiga jikinsu ba sa jin komai, ko su ji ɗan zazzaɓi ya wuce. Idan aka haɗa da su duka, cutar tana kashe wajen kashi 1 cikin 100. Idan aka tsaya ga waɗanda aka kwantar a asibiti, sai adadin ya haura kashi 15. Duka biyun gaskiya ne, mutanen da aka ƙirga ne suka bambanta. Haka ya faru da korona: ƙasar da ke gwada marasa lafiyar da suka jigata kaɗai sai ta ga kamar cutar ta fi kisa a wurinta, ƙasar da ke gwada kowa da kowa ta ga akasin haka. A farkon annoba kuma akwai wani kuskuren ta ɗaya gefen, domin waɗanda suka kamu a wannan makon ba a san makomarsu ba tukuna, in aka saka su a lissafi sai kason ya yi ƙasa fiye da yadda zai ƙare.

Kuma kada ƙanƙantar kaso ta sa a yi sakaci. A 2022 an ƙiyasta cewa zazzaɓin cizon sauro ya kama mutane sau miliyan 249 a duniya, ya kashe wajen 608,000. Bai kai rabin kashi ɗaya cikin 100 ba. Amma kusan kashi uku cikin goma na mamatan nan a Najeriya suke, yawancinsu ƙananan yara. Annobar Ebola mafi girma a tarihi, ta Gini da Laberiya da Saliyo, ta kashe mutum sama da dubu 11 a cikin shekara biyu. Sauro yana ɗaukar adadin nan a ƙasarmu cikin wata guda, ba tare da an kira taron manema labarai ba.

Idan aka bar cuta guda aka koma ga mutuwa gaba ɗaya, ma'auni mafi sauƙi shi ne a ƙirga duk wanda ya rasu a shekara a raba da yawan jama'a, a faɗi cikin 1,000. A wannan ma'aunin Japan tana da sama da 12, Jamhuriyar Nijar kuwa ba ta kai 10 ba. Wanda ya tsaya nan zai ce an fi mutuwa a Japan. Alhali jaririn da aka haifa a Japan ana sa ran zai kai shekara 84, na Nijar kuwa sittin da 'yan kai. Sirrin yana cikin shekarun jama'a. Kusan mutum uku cikin goma a Japan sun haura 65, a Nijar kuwa kusan rabin jama'a ba su kai 15 ba. Ƙasar tsofaffi dole ta yi jana'iza da yawa komai kyan asibitocinta. Shi ya sa masana ba sa kwatanta ƙasa da ƙasa da wannan ɗanyen lissafi. Sukan kasa jama'a rukuni-rukuni bisa shekaru su kwatanta yara da yara, dattawa da dattawa, ko su daidaita lissafin kamar ƙasashen biyu suna da tsarin shekaru iri ɗaya.

Rukunin da ya fi nuna halin da al'umma ke ciki shi ne na yara. Ana auna su a matakai uku, duk cikin jarirai 1,000 da aka haifa da rai: waɗanda suka rasu kafin kwana 28, waɗanda ba su cika shekara ba, da waɗanda ba su kai biyar ba. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2018 ya ba Najeriya 39, da 67, da 132. A Arewa maso Yamma na ƙarshen ya kai 187, a Kudu maso Yamma 62, a Kebbi 252, wato yaro ɗaya cikin huɗu. Burin da ƙasashen duniya suka sa wa kansu zuwa 2030 shi ne 25. Raba matakan yana da amfani, saboda abin da ke kashe ɗan kwana uku, irin su wahalar haihuwa da zuwa bakwaini da cutar cibiya, ya sha bamban da abin da ke kashe ɗan shekara biyu da aka yaye, wato zazzaɓi da gudawa da ciwon haƙarƙari da ƙyanda da tamowa. Na farko ungozoma ƙwararriya yake nema, na biyu gidan sauro da rigakafi da abinci.

Yana da kyau a san yadda ake samo waɗannan alƙaluma, domin ba daga rajistar asibiti suke fitowa ba. Ma'aikaciya ce ke sallama a gida, ta zauna da matar gida a kan tabarma, ta ce ta lissafo mata duk haihuwar da ta yi tun daga ta fari: sunansa, watan da aka haife shi, yana raye ko ya rasu, in ya rasu yana da wata nawa. Sannan ta ƙara tambaya, ko akwai wanda ya yi kuka ko ya motsa bayan haihuwa amma bai zauna ba? An sa wannan tambayar ne saboda jaririn da ya koma kafin ranar suna sau da yawa ba a sa shi a lissafin 'ya'ya, a ce ɓari ne ko a yi shiru. Ga kunyar ɗan fari, ga nauyin tono abin da uwa ta daɗe da binnewa a zuciya. Duk jaririn da ya zame daga wannan hira ya zame daga lissafin ƙasa, don haka kuskuren da ke cikin alƙaluman ya fi karkata ga ragi.

A wurin da rikici ya tarwatsa jama'a, shekara ta yi tsawo, kullum ake aunawa. Ƙungiyoyin agaji sun daɗe suna amfani da iyaka ɗaya: idan mutuwa ta haura mutum 1 cikin 10,000 a rana, ko yara 2 cikin 10,000 na 'yan ƙasa da biyar, an shiga halin gaggawa. A watan Yunin 2016 ƙungiyar likitoci ta MSF ta isa sansanin 'yan gudun hijira na Bama, mai mutum wajen 24,000, ta tarar mutum 188 sun rasu cikin wata guda, kusan shida a kullum. Shida cikin 24,000 daidai yake da biyu da rabi cikin 10,000, ya ninka iyakar fiye da sau biyu. Sun kuma ƙirga kaburbura 1,233 a gefen sansanin, 480 na yara ne. Inda babu rajista, maƙabarta ake tambaya.

Maƙabarta aka tambaya a Kano ma a Afrilun 2020, lokacin da manyan mutane suka riƙa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, masu haƙar kabari suka ce ba su taɓa ganin irin haka ba. Ma'aunin da ya dace da irin wannan yanayi shi ne na mace-macen da suka haura na yau da kullum. Ba ruwansa da gwaji: a duba mutum nawa ke rasuwa a irin wannan wata a shekarun baya, a duba na bana, bambancin shi ne abin da annoba ta jawo, ko kai tsaye ko ta hanyar rufe asibitoci da hana masu hawan jini da ciwon suga ganin likita. Da wannan ma'auni Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa korona ta jawo mutuwar wajen mutum miliyan 14.9 a 2020 da 2021, alhali ƙasashe miliyan 5.4 suka ba da rahoto.

A watan Yunin 2020 Ministan Lafiya na lokacin, Dakta Osagie Ehanire, ya ce tawagar gwamnatin tarayya ta samu mutuwa 979 a ƙananan hukumomi takwas na birnin Kano, ana binne mutum 43 a rana maimakon 11 da aka saba, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin 100 suna iya zama korona ce sila. An kai ga wannan ne ta hanyar bin iyalan mamata ana tambayarsu alamomin da suka gani kafin rasuwa: ya yi tari, numfashi ya sarƙe, kwana nawa ya yi a kwance. Gwamnatin jihar ba ta yarda da kason ba. Amma ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne 11 ɗin nan. Ƙananan hukumomin takwas suna da mutum kusan miliyan uku tun a 2006. Ko da an ɗauka mutum 8 kacal cikin 1,000 ke rasuwa a shekara, hakan ya haura mutum 60 a kullum. Ashe littattafan maƙabartu ɗan yanki kaɗan suke kamawa ko a lokacin lafiya. Ninkuwar da aka gani, kusan sau huɗu, ta isa shaida cewa babban abu ya faru, amma girmansa na gaskiya ya wuce ba a rubuta ba, kuma wancan 3,155 na mamatan korona a ƙasa baki ɗaya sai a karanta shi da wannan a zuciya.

Irin wannan giɓi ne ya sa mutuwar mata wajen haihuwa take da alƙaluma biyu masu nisa da juna. Abin da ake ƙirgawa shi ne macen da ta rasu tana da ciki, ko wajen haihuwa, ko cikin kwana 42 bayanta, kusan tsawon wankan jego, a dalilin da ya shafi cikin. Ana raba su da yawan jariran da aka haifa da rai, a faɗi cikin 100,000. Binciken 2018 ya ce 512, ƙiyasin hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya ce 1,047. Na farko an samo shi ne ta hanyar tambayar mata labarin 'yan'uwansu mata da suke ciki ɗaya, wace ce ta rasu, tana da juna biyu ko a'a. Na biyu lissafin ƙiyasi ne da ke ƙoƙarin cike abin da irin wannan tambaya ke bari a baya. Ko wanne aka ɗauka, burin 2030 shi ne ƙasa da 70. Kuma wannan haɗarin haihuwa ɗaya ne. Ko a kan 512, wato wajen ɗaya cikin 200, macen da za ta haihu sau shida ta bi ta kan siraɗin sau shida, haɗarinta na tsawon rayuwa ya kai wajen uku cikin 100.

Dokar da ta wajabta rajistar haihuwa da mutuwa tana nan tun 1992, kuma Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce ke da alhakinta. Takardar haihuwa mutane sun fara nema saboda makaranta da fasfo. Ta mutuwa kuwa sai in akwai fansho ko kuɗi a banki da magada za su karɓa. Yawancin rasuwa a gida ake yin ta, a yi wanka a yi sallah a kai mutum makwancinsa cikin gaggawa kamar yadda addini ya koyar, kuma babu dalilin da zai sa a jinkirta jana'iza don jiran takarda. Amma babu wata rasuwa a unguwa da ke wuce mai unguwa da liman da masu haƙar kabari. Littafi ɗaya a hannun kowane mai unguwa, a rubuta rana, da shekarun mamaci, namiji ne ko mace, in mace ce ko tana da ciki ko jego, a haɗa har da jaririn da bai kai suna ba, a miƙa wa dagaci da jami'in lafiya na ƙaramar hukuma duk ƙarshen mako, ya isa ya fitar da mutuwar yara da ta masu haihuwa gunduma-gunduma, ya kuma nuna makon da binnewa ta fara haura yadda aka saba.